Yadda ake haɗa katin barka da Sallah mai ƙyalƙyali da hannu

Duk shekara idan azumi ya shiga goma na tsakiya, nakan ware safiyar Asabar guda biyu, ni da 'yan matan ajina mu baje tabarma a zauren makaranta mu haɗa katin barka da Sallah. Ƙauyenmu yana can bayan Gumel, babu kantin littattafai, balle injin yankan takarda. Duk da haka akwai katin da wata yarinya ta yi wa gwaggonta, bayan shekara uku na shiga gidan barkar haihuwa na tarar da shi tsaye a cikin kabad, tsakiyar kwanukan tangaran, watan da ke jikinsa yana walƙiya kamar jiya aka yi shi.

Masu wannan sana'a a birane suna da ƙarafa masu kaifin baki da aka lanƙwasa siffa-siffa: fure, tauraro, ganye, haruffa. Ana ɗora ƙarfen a kan takarda, a sa su tsakanin farantai biyu na roba mai tauri, a tura cikin ɗan inji irin su Sizzix Big Shot, a juya hannunsa kamar yadda ake murza injin taliya, sai siffar ta fito a yanke tsaf. Masu yin takalma ne suka fara dabarar tun a ƙarni na 19, don su riƙa yanka fata iri ɗaya, daga baya ta shigo aikin takarda. Idan kina da injin, madalla, ya ɗauke miki mataki na uku da na huɗu. Idan babu, almakashi mai kaifi ya isa, kuma da shi zan koya miki. Katunan da na ga sun lalace a hannun masu koyo, kusan dukkansu yawan gam ne ya lalata su, ko kuma an taɓa su tun ba su bushe ba.

Wanda za mu yi shi ne kati ruwan ɗorawa, tsakiyarsa sama ce shuɗiya mai duhu, da jinjirin wata mai ƙyalƙyalin zinare, taurari uku, soro mai zankwaye a ƙasa, da 'yan tutoci masu launi a rataye daga sama.

Kayan aiki

Kwali mai launi, irin wanda malamai ke yin zanen bango da shi a aji. Kina buƙatar ruwan ɗorawa, shuɗi mai duhu, fari, da ruwan ƙasa, sai 'yan guntayen ja da kore da ruwan hoda. Na gindin kati ya zama mai kauri, wanda idan an ninke shi zai tsaya da kansa. Masu shago suna auna kaurin takarda da giram: ta buga takardu 70 ko 80 ce, ta yi laushi, ki nemi mai 200 zuwa 250. Idan wani zai shiga Kano, a Sabon Gari ake samun kowane launi. Idan ba hali, ki tara tsofaffin katunan gayyatar biki da bangon kalanda. Ni kam na fi son katin biki a kan sabon kwali, domin yawancinsu suna da kauri, wasu ma da ruwan zinare a jikinsu.

Garin ƙyalƙyali. Masu kayan kwalliya da 'yan koli suna sayar da shi a 'yan ƙananan kwalabe. Akwai mai laushi kamar gishiri, akwai mai manyan ƙwayoyi. Ki ɗauki mai laushin, ya fi kama gam, ya fi rufe wuri. Kwalba ɗaya ruwan zinare, ɗaya ruwan azurfa, za su yi miki katuna da yawa.

Farin gam, irin Top Bond da kafintoci ke amfani da shi. Fari ne a kwalba, amma idan ya bushe sai ya zama garau kamar ruwa. Kada ki kusanci sufa gulu a wannan aiki: yana ƙandarar da takarda, ya bar tabo, ya manne yatsu.

Sai almakashi, sabuwar reza, rula, fensir, abin goge fensir, biro da tawadarsa ta ƙare, biro ko maka mai rubutu, tsinken sakace, gashin kaza guda ɗaya mai tsabta, zare, tire mai faɗi, tsohuwar jarida ko takardun da aka gama da su, kwalin sabulu ko na shayi, da guntun katan na taliya. Idan makarantarku ko wani ɗan uwa yana da abin huda takarda na ofis, ki aro.

Idan babu farin gam, ƙaro yana yi. Shi ne dai wanda malamai ke sa wa tawada, masu wankin hula kuma suke ƙandara hula da shi, kuma nan Jigawa ba baƙonmu ba ne. Ki daka shi, ki jiƙa kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu, ki bar shi ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle. Ya yi kauri kamar zuma mai ɗan ruwa. Ki jiƙa daidai na aikin kwana biyu, don yana tsami idan ya daɗe, kuma kiyashi na son sa. Raunin ƙaro shi ne danshi: da damina yana iya saki.

Idan ƙyalƙyalin ne ya gagara, ki wanke ledar alawa ko cikin ledar biskit mai sheƙi, ki shanya, ki yayyanka siri-siri sannan ki daddatsa ƙanana. Yana cin lokaci, amma yana haske sosai. Teloli ma sukan bar ragowar duwatsun ado da guntayen leshi, ki tambaya.

1. Shirya wuri

Ki zaɓi ɗaki ko zaure inda iska ba ta kaɗawa. Da hunturu musamman, buɗaɗɗiyar taga ɗaya ta isa ta kwashe miki rabin kwalba. Idan akwai fanka a kashe. Ki nisanci madafa da wurin tulu, kuma ki sa a riƙe miki masu rarrafe. Ƙyalƙyali 'yan guntayen roba ne masu kaifin gefe, ba abin shiga ciki ko ido ba ne. Idan ya faɗa idon wani kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, idan bai fita ba a je asibiti.

Ki wanke hannu da sabulu ki goge ya bushe. Man shafawa yana barin shaidar yatsa a kwali, kuma ba ta fita.

2. Gindin kati

Ki auna kwalin ruwan ɗorawa santimita 21 a tsawo, 14.8 a faɗi. Wannan shi ne rabin takardar A4 daidai, saboda haka idan rularki ta goge, ki raba A4 biyu ki ɗora ki zana. Yanka madaidaici da reza ake yi, ba da almakashi ba. Ki naɗe gefe ɗaya na rezar da salatif don yatsunki, ki shimfiɗa katan a ƙasa, ki danne rula da ƙarfi, ki ja rezar a hankali sau biyu ko uku. Mai son ta raba kwalin da ja ɗaya ita ce rezarta ke kaucewa.

Yanzu ninki. Ki sa alama a santimita 10.5, wato tsakiya, sama da ƙasa. Ki ɗora rula, ki ja layi da mataccen biron nan, kina ɗan dannawa har ya bar kwari. A kan wannan kwarin za ki ninke, sannan ki bi ninkin da bayan cokali. Kwali mai kauri idan aka ninke shi haka kawai da hannu, bayansa yana tsagewa, farin ciki ya leƙo, kuma da wuya gefunan su haɗu daidai.

Sai shimfiɗu biyu: farin kwali santimita 10 da 14.3, shuɗin kuma 9.5 da 13.8. Idan aka ɗora su kan juna, kowanne zai bar siririn baki yana leƙowa ta kowane gefe. Wannan ɗan bakin shi ke sa kati ya yi kama da na kanti. Ki ajiye su, ba yanzu za a manna ba.

3. Uwar zane

Haka muke kiran siffar da aka yanka sau ɗaya a kwali mai tauri, ake ɗora ta ana zagayawa da fensir duk lokacin da ake son irinta. Ita ce madadin ƙarfen masu inji. A nan ya kamata ki ɓata lokaci, domin duk kuskuren da ke jikin uwa sai ya fito a jikin 'ya'yanta. Kwalin sabulu ko na shayi za ki buɗe ki yi aiki a cikinsa.

Jinjirin wata: ki kifa kofin shayi mai baki kamar santimita 6, ki zagaye. Ki samo abin da ya ɗan fi shi ƙanƙanta, murfin kwalbar man shafawa misali, ki ɗora a cikin da'irar, ki tura shi gefe har ya ɗan haura bakinta, ki zagaye. Abin da ya rage tsakanin layukan biyu shi ne watanki. Kada ya yi siriri da yawa. Cikinsa ya kai santimita ɗaya da rabi, in ba haka ba gam zai nannaɗe shi.

Tauraro: mai tsini biyar yana ba masu koyo wahala, kullum ƙafa ɗaya sai ta fi sauran. Ga mai sauƙi. Ki yanka murabba'i biyu iri ɗaya, santimita ɗaya da rabi kowane gefe, ki ɗora ɗaya kan ɗaya a karkace har tsini takwas su fito daidai, ki manna su. Ki yi wata uwar ƙarama da murabba'i na santimita ɗaya.

Soro: ki zana shi santimita 9.5 a faɗi don ya cika shuɗin daga gefe zuwa gefe, tsayinsa kamar 4. Ki fitar da zanko a kowace kusurwa ta sama, da biyu a saman ƙofa, ƙofar kuma ki yi mata baka. Ki fita ki dubi zauren mai gari ko wani tsohon gidan ƙasa a unguwarku ki kwaikwaya. Na ga yara sun fi murna da katin idan wanda aka ba ya ce, ai wannan zaurenmu ne.

Tutoci kuwa alwatika ce 'yar ƙarama, santimita ɗaya a sama, ɗaya da rabi zuwa tsini.

Ki rubuta "gaba" a fuskar kowace uwa. Za ki ga amfaninsa yanzu.

4. Yanke siffofi

A bayan kwali ake zana siffa, don kada layin fensir ya fito a fuska. To amma tunda a baya kike zane, dole ki kifa uwar, kalmar "gaba" tana kallon ƙasa. Idan kin manta, watan zai fito yana kallon wancan gefen, haruffa kuma su fito a juye. Fensirin ya zama a fiƙe, ki manna bakinsa da jikin uwar.

Wata da taurari a kwalin ruwan ɗorawa ko fari za ki yanka su. Idan ƙyalƙyalin zinare za ki sa, ruwan ɗorawa ya fi, domin ko wani wuri bai rufu ba ido ba zai gane ba. Soro a ruwan ƙasa, tutoci bakwai a ja da kore da ruwan hoda.

Wajen yanka, takardar ake juyawa, almakashin yana wuri ɗaya. Ki yi amfani da cikinsa, kusa da maƙogwaro, kuma kada ki rufe shi har tsini, domin tsinin yana barin 'yar tsaga a duk inda ya haɗu. A wata, ki fara da bakan ciki tun takardar tana da wurin riƙewa. A tauraro, ki riƙa shiga daga waje zuwa lungu, ki fito, ki sake shiga ta ɗaya gefen, maimakon ki lanƙwasa almakashi a cikin lungun. Ƙofar soro da reza za ki cire ta. Idan almakashin yana tauna takarda, ki kai wa mai wasa wuƙa tukuna. Kuma kada ki ɗauki na ɗinki, takarda tana dakusar da shi.

Ki yanka fiye da abin da kike buƙata, wata biyu, taurari biyar, don ki zaɓi masu kyau. Da abin huda takarda kuma ki fitar da 'yan ɗigo farare kamar goma, ƙananan taurari ke nan na nesa.

5. Ƙyalƙyali

Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta: ana sa ƙyalƙyali a jikin siffa tun tana ita kaɗai, kafin ta hau kati. Wanda ya manna wata a kan shuɗi sannan ya barbaɗa, ƙyalƙyalin zai bi duk inda gam ya ɗan taɓa, kuma ba za ki iya tsince shi ba.

Ki ninke takarda biyu ki buɗe, ki shimfiɗa a tire. Ki ɗora watan a kan wata takardar daban, ki ɗiga gam kamar ƙwayar wake, ki baza da yatsa ko da guntun kwali har ya rufe ko'ina, har tsinin biyu. Ya zama siriri, kina hango launin kwalin ta cikinsa. Idan ya yi fari fat, ya yi yawa, ki rage. Gam ruwa ne, takarda kuwa idan fuska ɗaya ta sha ruwa sai ta kumbura ta lanƙwashe.

Nan da nan ki ɗauke shi da tsinke ki mayar kan takardar tiren, ki zuba ƙyalƙyali har ya binne shi. A nan ba a rowa, domin wanda bai kama ba zai koma kwalba. Ki ɗan danna da busasshen yatsa, ki bar shi minti biyar, ki ɗaga ta gefe, ki juya shi ki ɗan buga bayansa da farce. Ki ajiye shi a wuri mai lafiya. Sai ki ɗaga takardar, garin ya gangara ta kwarin ninkin ya koma kwalbarsa. Ki share tiren da gashin kaza kafin ki buɗe na azurfa don taurari. Idan launi biyu suka gauraya, sun gauraya ke nan.

Soron ba ya son a rufe shi duka. Ki tsoma tsinken sakace a gam, ki bi bakin ƙofa da kan zankwaye kawai, ki barbaɗa. Idan hannunki ya faɗa, kina iya zana ɗan dagi a saman ƙofa da tsinken. Tutoci a bar su haka. Idan komai yana walƙiya, watan ba zai fito ba.

Da rani ko hunturu rabin awa ya isa su bushe, da damina ki ba su awa biyu. A inuwa, ba a rana ba, rana tana murɗe su. Idan kin ga inda bai kama ba, ki jira ya bushe sarai sannan ki ɗiga gam da tsinke a wurin ki ƙara.

Don kada ya riƙa zuba a hannun mai karɓa, ki gauraya gam da ruwa daidai wa daida, ki ɗiɗɗiga a kan busasshen ƙyalƙyalin da ɗan soso, ba tare da gogawa ba. Yana ɗan rage haske kaɗan, amma ni ina yi, musamman idan gidan da za a kai akwai ƙananan yara.

6. Rubutu

Yayin da suke bushewa, ki yanka farin kwali santimita 6 da 1.5, ki rubuta "Barka da Sallah" da fensir marar nauyi, ki bi da biro ko maka, ki jira tawadar ta bushe kafin ki goge fensirin. Amfanin yin sa a guntu daban shi ne idan kin yi kuskure guntun kawai za ki sake.

Na ciki ma a farar takarda za ki yi, santimita 20 da 14, a ninke biyu. Ki rubuta kamar kina gaban mutumin: "Zuwa ga Inna, barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana." Idan kakanki ne da ya fi sabawa da ajami, ki rubuta masa da ajami ko ki sa a rubuta miki, za ki ga yadda zai riƙe shi. Abu ɗaya da nake hana ɗalibaina shi ne rubuta ayar Alƙur'ani a kati. Takarda ce, wata rana tana iya faɗuwa ƙasa ko yaro ya yi wasa da ita. Addu'a da Hausa ta wadatar.

7. Jeri da mannawa

Ki jera komai a kan shuɗin ba tare da gam ba. Soro a ƙasa, wata a sama ta hagu ko ta dama, babban tauraro kusa da bakinsa, ƙananan biyu a warwatse, rubutu tsakanin wata da soro. Ki matsa baya ki duba. Ki bar wa saman fili, kada ki cika ta. Idan ya yi miki, ki ɗauki hoto da waya ko ki sa ɗigon fensir a mazaunin kowanne.

Ki fara da zare. Ki ratsa shi ta saman shuɗin daga gefe zuwa gefe, ya ɗan yi ciki kamar igiyar shanya, ki lanƙwasa bakunansa zuwa baya ki kama da salatif. Ki manna tutocin a kansa, launi na bin launi. Sai soro da fararen ɗigo. Daga nan shuɗi ya hau fari, fari ya hau gindi. Kafin ki manna, ki duba cewa katin yana buɗewa ta dama, ninkin yana hagunki. Idan da ajami kika rubuta, ki juya shi ya buɗe ta hagu.

Gam a nan siririn layi ne, rabin santimita daga baki, da ɗigo ɗaya a tsakiya. Takardar ciki kuma layi ɗaya kawai a jikin ninki. Ki rufe da takarda mai tsabta, ki ɗora littattafai masu nauyi, ki bar shi awa ɗaya.

8. Masu tudu

Bayan dannewa ne wata da taurari da rubutu ke hawa. Ki yanka 'yan guntayen katan ƙanana, waɗanda za su ɓuya a bayan siffa, uku a bayan wata, ɗaya a bayan kowane tauraro, biyu a bayan rubutu. Ki manna su a siffar, sannan ki manna siffar a kati. Wannan ɗan tashin da suka yi yana jefa inuwa, sai watan ya zama kamar yana shawagi a saman soron. Ki danna da bayan fensir, ba da tafin hannu ba.

Daga nan kada ki ƙara ɗora masa nauyi, kuma kada ki jibga katuna kan juna. Wata shekara mun makara, sai daren jajibere muka gama, na tattara katuna fiye da ashirin na sa a jaka don kada raɓa ta taɓa su. Da safe rabinsu sun manne da juna, yara na kuka ga shi an kusa tafiya Idi. Tun daga lokacin, kowane kati a tsaye yake kwana shi kaɗai, kuma muna gamawa tun Sallah da saura mako.

9. Ambulan

Ambulan na kanti mai santimita 11.4 da 16.2 shi ne daidai wannan kati. Idan babu, ki ajiye takardar A4 a tsaye, ki kwantar da katin a kanta ta faɗi, ki bar santimita 10 a ƙasansa. Ki ninko gefen dama da na hagu, ki bar ɗan sarari saboda tudun watan, ki ninko ƙasa sama, sannan sama ƙasa. Ki buɗe, ki cire katin, ki yanke kusurwoyi huɗun da ninki ya zana, ki rage murfin sama ya dawo santimita 6. Ki manna ƙasan a kan kunnuwan gefe, ki bar shi ya bushe babu kati a ciki.

Kafin ki zura katin, ki share fuskarsa da gashin kaza, ki ɗora 'yar farar takarda a kan ƙyalƙyalin. Idan wani gari za a kai, Hadejia ko Kano ko Dutse, ki sa ambulan ɗin tsakanin katan biyu ki ɗaure da zare, ki gaya wa ɗan saƙon kada ya sa a aljihun baya, kuma kada ya haɗa shi leda ɗaya da cincin ko dubulan, maiƙo yana ratsa takarda.